Tsohuwar kwamfutar kawunsa

Ranar wata Laraba ce a cikin bazara, ina dawowa daga kolej bisa babur, na hangi takalman ɗana a ƙofar wani shago da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallon telebijin. Na san takalman, domin ni na saye su. A lissafina a lokacin yana gidan wani abokin aikina yana ƙarin darasin lissafi, wanda nake biya kowane ƙarshen wata. Na tsaya, na leƙa. Yana zaune bisa benci da yara kusan goma, hannunsa riƙe da abin bugawa, bai ma ga shigowata ba sai da na kira sunansa sau biyu.

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne. Na sha kiran iyaye a lakwal in ce musu su sa ido kan ƴaƴansu, ga shi nawa yana bin wata hanya ban sani ba. Da muka isa gida na yi faɗa har muryata ta dushe. Da na gama sai ya ce, kansa a sunkuye: "Baba, kuɗin karin kumallona ne nake tarawa, ban taɓa ɗaukar na kowa ba." Wannan magana ta fi komai tsaya mini a rai. Yaro ɗan shekara 14 yana wuni da yunwa domin wasan minti goma. Abin da ya kai shi haka ba zai fita da tsawa ba, na san wannan ko da nake cikin tsawar.

Uwarsa ta ba ƙanenta labari ta waya. Shi yana aikin zanen gine-gine a Yamai. Bayan sati uku sai ga saƙo ya zo ta mota: kwali naɗe da tsohon zane, ciki kwamfutar tafi-da-gidanka ce baƙa, mai kauri, nauyinta ya kusa kilo uku. ThinkPad W530 ce ta kamfanin Lenovo, samfurin 2012. Da ita ya yi shekaru yana aiki kafin ya sayi sabuwa. Ya ce a ba yaron, in ta yi amfani to, in ba ta yi ba a jefar.

Da muka kunna ta, na sa ruwan shayi, ya tafasa, ita ba ta gama buɗewa ba. Fankarta na ƙara kamar injin niƙa, gefenta na hagu kuma ba ya taɓuwa don zafi. Yaron ya dube ni, na dube shi. Na ɗauka kawunsa ya rabu da shara ne cikin ladabi.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a kusa da babbar kasuwa. Ya juya ta, ya karanta abin da ke rubuce a ƙasanta, ya yi murmushi. Ya ce: "Mushe, wannan babbar mota ce aka bari ba juyen mai. Kada ka sayar." Ya yi mini bayani da na fahimta daga baya sosai. Akwai kwamfutocin da ake ƙerawa don ofis da karatu, akwai kuma waɗanda ake ƙerawa don injiniyoyi da masu zane, su yi aiki mai nauyi tun safe har dare. Tamu tana cikin na biyu. Furosesarta Core i7 ce mai zuciya huɗu, tana da gurbin RAM huɗu da za su iya ɗaukar har giga 32, tana da katin hoto nata na kanta, Quadro K2000M mai giga 2, kuma an yi ta yadda za a kwance da turnabis a maida. Yawancin sirara na yanzu ana liƙe musu komai a jikin allon ciki, abin da ka saya shi za ka zauna da shi har ta mutu.

Ya ce in bar ta ya gyara kafin yamma. Na ce a'a, ya dai faɗa mini abin da ya kamata a yi da abin da za a fara. A kan hanyar gida ne tunanin ya zo mini, kuma ban tabbata ba ko dabara ce ko rowa: yaron da kansa zai yi aikin.

Da dare na kira shi gaban uwarsa muka yi yarjejeniya. Zan sayi kayan gyara kaɗan-kaɗan daidai ƙarfin albashina. Shi zai kwance, shi zai ɗaura. In ta tashi zai yi wasa a gida, a falo inda kowa ke gani, ba ranar lakwal ba. Kuma duk awa ɗaya ta wasa sai ya biya ta da awa ɗaya ta yin wani abu da zai iya nuna mana: zane, bidiyo, rubutu, ko mene ne. Uwarsa ba ta yarda da tsarin ba. Ta ce: "Malam, wanda ake so ya bar abu shi za a kawo wa abin har ɗaki?" Ban da amsa mai ƙarfi a daren. Na ce mata dai shagon can ba ni da ido a cikinsa, falona kuwa ina da.

Aikin farko bai ci kuɗi sosai ba. Lenovo na sakin littafin gyaran waɗannan kwamfutoci kyauta a intanet, da zanen kowane mataki da inda kowace kusa take. Muka sauke shi a waya. Da Ingilishi yake, yaron kuma bai taɓa ɗaukar darasin Ingilishi da muhimmanci ba, sai ga shi yana tambayata ma'anar kalmomi. Muka shimfiɗa farin zane bisa tebur, muka cire caja da batiri, ya taɓa ƙarfen ƙofa don wutar da jiki ke tarawa kada ta lalata wani abu. Uwarsa ta ba mu faifan ƙwai na kwali, kowane rami da kusoshin mataki ɗaya. Sai da muka ɗaga madannai da abin da ke kewaye da su kafin muka kai ga fanka.

Abin da muka tarar a bayan fankar kamar audugar katifa ne, ƙura ta shekaru ta dunƙule ta toshe hanyar iska. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe ya zama kamar alli. Aikin wannan mai shi ne cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu, domin zafi ya wuce. In ya bushe zafi ya taru, furosesa kuwa in ta kusanci digiri 100 sai ta rage gudun kanta don kada ta ƙone. Wato rabin nauyin da muke gani zazzaɓi ne kawai. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa, wannan shara ita ce gyaran farko kafin a kashe ko dala. Ya goge tsohon man da auduga da alkol na kyamis, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, hannunsa na rawa. Da muka maida komai, kusa ɗaya ta rage a faifan ƙwai. Sai da muka sake kwancewa muka gano gurbinta. Ƙarar fankar ta ragu har uwarsa ta leƙo ta tambaya ko ta mutu ne.

Na biyu shi ne wurin ajiya. Tsohon diskin irin mai faifai ne da ke juyawa a ciki, da allura mai bin sa tana neman abu. SSD ba shi da abin da ke motsi, yana karatu da kusan mega 500 a daƙiƙa, tsohon kuwa da ƙyar yake wuce 100, kuma bambancin ya fi haka girma wajen neman ƙananan fayiloli masu yawa, wanda shi ne aikin kwamfuta lokacin buɗewa. Muka sayi SSD mai giga 500, muka sa a gurbin tsohon. Shi kuma tsohon ba mu jefar ba: akwai wani ɗan akwati da ake sawa a madadin abin karanta DVD, muka zura shi ciki ya zama rumbun ajiyar hotuna da bidiyo. Ranar da muka kunna ta da SSD, kafin in gyara zama ta buɗe. Duk wanda ke da kuɗin abu ɗaya tak, to wannan zai saya.

A na uku ne na yi kuskure, kuma nawa ne ni kaɗai. Na je sayen RAM ba tare da yaron ba, ban ɗauki tsohuwar a aljihu ba, na ce ai RAM RAM ce. Aka ba ni mai giga 8, sabuwa cikin leda. Da na kawo ta ƙi shiga. Na fara dannawa da ƙarfi, yaron ya riƙe hannuna ya ce: "Baba, dakata, tsagar ba wuri ɗaya take ba." Ya ɗora ta kan tsohuwar ya nuna mini. Tamu DDR3 take ɗauka mai haƙora 204, ni kuwa DDR4 na sayo mai 260, kuma da gangan aka sa tsagar kowace a wuri dabam don kada irina ya cusa. Da na ƙara ƙarfi kaɗan da na karya gurbin. Na koma shagon, aka karɓa bayan doguwar magana da ragin kuɗi, na jira kwana goma kafin aka kawo mai dacewa daga Kano. Muka kai ta giga 16. Gurbi biyu suna ƙasa bayan wani ɗan murfi, biyu suna ƙarƙashin madannai. Ba mu cika 32 ba, kuma har yau ba mu ga buƙata ba.

Sai caja. Wadda ta zo da ita daga Yamai ba tata ba ce, wat 90 ce, kuma kowane kunnawa sai kwamfutar ta rubuta gargaɗi wanda muke dannawa mu wuce ba mu karanta ba. Yaron ne ya tsaya wata rana ya fassara shi: wutar da ke shigowa ba ta isa ba, don haka za ta rage ƙarfinta. Wannan samfurin wat 170 yake so. Mun yi wata guda muna tuƙa babbar motar da rabin mai. Samun ta asali ya yi wuya, an kuma nuna mini wata mai araha, mara nauyi a hannu, da aka rubuta 170 a jikinta. Mai gyaran nan ya auna ta a tafinsa ya girgiza kai. Na ƙara kuɗi na ɗauki tsohuwa ta asali. Araha ba ta ado, balle a abin da ake jonawa da kuran cikin ɗakin da yara ke kwana.

Duka-duka, cikin wata uku, abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka faɗa mini na sabuwar kwamfutar wasa ba. Amma ga wanda ke jiran ƙarshen wata kuɗi ne, kuma akwai watan da aka ci tuwo da miyar kuka fiye da yadda aka saba. Uwarsa ba ta ce komai ba, ta dai riƙa kallona idan tana zuba miyar.

Sannan muka zo inda turnabis ba ya aiki. Ƙwallon da yake so ta tashi lafiya, tsofaffin fitowar PES suna gudu sumul, Minecraft ma haka. Sai wani abokinsa ya kawo masa sabon wasa a kile. Ya yi awa biyu yana sawa, da ya buɗe hoton na tafiya kamar mai ɗingishi, daga baya ya rufe kansa. Ya zo ya ce mu canza katin hoto. Muka duba littafin tare. A wannan samfurin katin a liƙe yake da allon ciki, ba ya cirowa. Akwai wasu kwamfutocin injiniyoyi na zamaninta, irin su Dell Precision M4800, da katinsu ke fita a sa wani, tamu ba ta cikinsu. Kuma tun asali Quadro an yi shi ne don zanen gini da na injina, wasa kari ne. Ya yi kwana biyu ba ya magana sosai. Na so in ce masa zan saya masa wata, na kama bakina, domin ƙarya ce. Na ce masa iyakarta ke nan, iyakata ma ke nan.

A cikin wannan fushin ne ya fara biyan bashin awoyinsa da gaske. Kafin nan yaudarata yake yi, ya ɗauko hoto ya sa masa rubutu cikin minti biyar ya ce ya yi aiki. Kawunsa ya ce masa ta waya ya gwada Blender, manhajar ƙera abubuwa masu tsawo da faɗi da zurfi, wadda ake samu kyauta. Makon farko bai iya komai ba sai juya wani akwati. Na ce masa ina da darasi kan noma da ajiyar hatsi, ya yi mini rumbu irin na garin kakansa, na laka mai hular ciyawa, bisa duwatsu. Ya yi sati biyu a kai. Ya kira kakarsa ya tambaye ta dalilin ɗora rumbu bisa duwatsu, ta ce masa saboda damshi da gara, ta ƙara da tambayar ko lakwal ɗin yanzu ba a koya musu komai ne. Da zai sa faɗin hular ya dace da bakin rumbun sai ya koma kayensa na lissafi neman yadda ake auna kewayen da'ira. Ban nuna na gani ba.

Daren da ya sa kwamfutar ta fitar da hoton ƙarshe, aikin na buƙatar awoyi, aka ɗauke kuran cikin dare. Batirinta tsoho ne, ba ya riƙe minti goma. Da safe babu komai, har da gyaran da ya yi tun la'asar bai adana ba. Ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ranar da na kama shi a shago. Yanzu yatsunsa da kansu suke adanawa kowane ƴan mintoci, kuma ya koyi rage nauyin hoto don aikin ya ƙare da wuri. Rumbun na nuna wa ɗalibaina shi, ana juya shi ta kowane gefe. Wata yarinya ta ce hular ta yi tsini da yawa, ba haka ake yi a garinsu ba. Ya ji haushi, ya gyara.

Akwai abu biyu da nake so iyaye su sani kafin su bi wannan hanya. Na farko, wasannin ba ɗaya ba ne. A jikin kwalinsu ko shafinsu akwai lambar shekaru ta tsarin Turai, 3, 7, 12, 16 ko 18. Ƙwallon ƙafa 3 ce, Minecraft 7, GTA kuwa da yaranmu ke yawan ambata 18 ce, kuma da dalili. Na same shi a kwamfutar sau ɗaya, muka zauna na ce ya buga ina kallo. Bai kai minti biyar ba ya rufe da kansa, ya goge. Na biyu, Microsoft ta daina ba Windows 10 kariya ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesa mai shekarun tamu. Mu mun raba SSD ɗin biyu: Linux Mint don shiga intanet da aiki, tsohuwar Windows don wasa ba tare da an jona ta da intanet ba. Krita ta zane, Kdenlive ta haɗa bidiyo da Audacity ta sauti duk kyauta ne kuma suna aiki a Linux, ba sai an je an sa na sata masu zuwa da cuta ba.

Ga ƴan uwana malamai kuma, kusan kowane ɗayanmu ya san wani kabad a lakwal ko a gida inda tsofaffin kwamfutoci ke kwance, an ce sun mutu. Wasu sun mutu da gaske. Wasu ƙura ce da busasshen mai da tsohon diski. Kafin a kira mai gyara ya yi a ɓoye ya kawo, a gwada zaunar da yara uku ko huɗu a buɗe ɗaya a gabansu, su riƙe turnabis ɗin. Za a yi asarar kusa, wataƙila a karya wani abu. Ni ma da na kusa karya gurbin RAM shekarata ta wuce 40.

Ba zan ce yaron ya zama wani mutum dabam ba. Makinsa na lissafi ya ɗan motsa, na Faransanci yana nan inda yake. Har yanzu sai an yi masa magana sau uku kafin ya rufe in lokaci ya cika, kuma uwarsa na nan kan bakanta cewa BEPC ce za ta raba gardama tsakanina da ita. Ita ce jarrabawar da ke gabansa bana, kuma mun yi da shi cewa daga watan Maris caja za ta koma ɗakin uwarsa sai an gama. Idan ya faɗi, na san wanda za a kalla. Abin da na sani shi ne yana cin karin kumallonsa, kuma in na dawo daga aiki na san inda yake.

Makon jiya wani abokin aikina ya kawo tasa kwamfutar gidanmu, ya ce tana zafi tana mutuwa da kanta. Ya gaishe ni, ya wuce ni, ya miƙa wa yaron. Shi kuma ya tashi ya ɗauko faifan ƙwai da farin zanen, ya ce: "Mushe, a cire caja tukuna." Na zauna gefe ina riƙe musu fitilar waya.

Allah ya shirya mana su, ya ba duk masu jarrabawar bana sa'a.